Na sa sunan mai shi, to me ya rage? Tambayoyi kan haƙƙin mallaka a intanet

Idan na ɗora littafin wani ko waƙarsa a shafina na rubuta sunansa, na fita?

Ba ka fita ba. Ambaton suna daban, izini daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar wa mai aiki ikon kwafa, fassarawa da ɗorawa a intanet, kuma ba sai ya yi rajista ba. Dubi wata marubuciya a Kano da ke raba dare tana buga labari a waya, tana sayar da shi kashi-kashi. Wani ya biya sau ɗaya, ya watsa a rukunin WhatsApp cike da jama'a. Ko da manyan baƙaƙe ya rubuta sunanta, ya riga ya kashe mata kasuwa, kuma wannan zalunci ne.

Ke nan ba a taɓa aikin kowa sam?

Ana taɓawa, amma da adalci. Sashe na 20 na dokar ya yarda a tsakuro don sharhi, suka, rahoton labarai, barkwanci, ko binciken da ba na neman kuɗi ba. Kotu za ta duba me ka yi da shi, nawa ka ɗiba, da ko ka rage wa mai shi ciniki. Baiti biyu a cikin sharhi suna iya wucewa. Waƙa sukutum ba za ta wuce ba.

Fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa fa? Ai masu shi suna nesa.

Nan ne mutanenmu suka fi ruɗuwa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne, ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, a 1993, Indiya ma tana ciki, kuma sharaɗinta shi ne kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar na ɗan gida. Ɗora muryar Hausa ma sai da izini. Kada mu manta, wannan yarjejeniyar ce ke kare fim ɗin Kannywood idan wani ya kwafe shi a Nijar ko Ghana.

Dokar wace ƙasa za ta kama ni?

Ta ƙasar da aka nemi kariya a cikinta, don haka abin da ya halatta nan yana iya zama laifi can. A Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara. Sai dai yawanci maganar ba ta kai kotu. YouTube da Facebook kamfanonin Amurka ne, suna bin dokar ƙasarsu ta 1998: mai haƙƙi ya kai ƙorafi, a sauke. A YouTube, gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya jawo a rufe tasharka ɗungurungum.

Haƙƙin yana ƙarewa?

E. A Najeriya, littafi yana zama na kowa shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, fim kuwa shekara 50 bayan fitowarsa.