Sitiroyid da jinin ƙwaƙwalwa idan cuta ta shiga jinin dabba

Tambayoyin nan kullum su ake maimaita min, to ga amsa sau ɗaya.

Wai sitiroyid, wato maganin rage kumburi, yana kashe ƙwayar cutar?

A'a. Wannan aikin antibayotik ne. Don Allah a daina ɗaukar su abu ɗaya.

To me yake yi?

Idan sefsis, wato mummunan martanin jiki ga cutar da ta shiga jini, ya yi tsanani jijiyoyin jini sai su saki, BP (ƙarfin bugun jini) ya faɗi, ko an ba da noradirenalin, maganin ɗaga BP, ba sa jin kira sosai. Haidirokotizon, wani nau'in sitiroyid, yana rage kumburi, ya taimaka jijiyoyin su sake matsewa.

Kenan idan BP ya dawo ƙwaƙwalwa ta samu jini?

Ba dole ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Ƙwaƙwalwa mai lafiya da kanta take daidaita jininta ko BP ya hau ko ya sauka, sefsis kuma yana iya lalata wannan tsarin. An gani a tumaki cewa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna samun matsala a sefsis, lambar da ke kan na'urar awon BP ba za ta nuna maka haka ba.

Karena ko ɗan maraƙina na kwance jiki ya yi sanyi, in yi masa allurar deksa (sitiroyid ɗin deksametazon)?

To ya danganta, amma ni dai ba da hannunka ba. Yawancin gwajin sitiroyid da ake yi wa ɓeraye da aladu, dabbobi ne ƙanana masu lafiya, an sa musu gubar bakteriya da gangan, wani lokaci ma an ba da maganin tun kafin ciwon ya kama, ga maganin barci wanda shi kansa yana canza gudun jinin ƙwaƙwalwa, taka dabbar kuwa ta kwana biyu tana fama. Ko a mutane babban awo na metilfiredinisolon, shi ma sitiroyid ne, an gwada a 1987 bai ceci rai ba, yanzu ƙaramin awo ake bayarwa, miligiram 200 na haidirokotizon a rana, shi ma sai an yi ƙarin ruwa da maganin ɗaga BP abin ya ƙi. Likitan dabbobi zai iya bin irin wannan hanyar idan ya ga dacewa. Amma deksa na zubar da tsohon ciki a saniya ko tunkiya, yana ɗaga suga, idan ka haɗa da maganin zafi irin diklofenak kuma gyambon ciki kake jawo wa kare.

Na riga na yi allurar, na kashe shi kenan?

Kwantar da hankalinka. Ka kai shi asibiti yanzu, ka faɗa wa likita sunan maganin da yawansa da lokacin da ka yi.