Zaren ƙarfe mai kogo

Zaren ƙarfe mai kogo wani bututu ne siriri ƙwarai da ake ƙerawa daga nikel, jan ƙarfe, azurfa, zinariya ko alminiyum, wanda kaurinsa kan kama daga nanomita 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan maikuromita (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, nanomita kuwa kashi ɗaya cikin dubu na maikuromita), alhali silin gashin ɗan Adam yakan kai maikuromita 50 zuwa 100. Wanda ya taɓa karya karan shinkafa a fadamar Argungu ya san siffarsa: bango a waje, fili a ciki, ga rashin nauyi.

Da yake babu maƙerin da zai iya huda abu mai wannan ƙanƙanta, sai ake bi ta bayan gida. Da farko ana kaɗa zaren polima, wato dangin roba, ta hanyar kaɗin lantarki, dabarar da Anton Formhals ya yi wa rajista a 1934. Ana tura narkakkiyar polima ta bakin allura, a ɗora mata lantarki na volt dubu 10 zuwa 30, sai ta miƙe ta bushe a iska, ta sauka kan faranti kamar saƙar gizo-gizo. A nan lantarki ne yake aikin da mazari ke yi a hannun mai kaɗin auduga a Gusau.

Daga nan sai a lulluɓe zaren da ƙarfe, ko dai ta feshin tururinsa a ɗakin da aka zuƙe wa iska, ko kuwa ta tsoma shi a ruwan sinadari bayan an yayyafa masa ƙwayoyin faladiyum (wani ƙarfe mai daraja), waɗanda ƙarfen lulluɓin ke kamawa a kansu.

Mataki na ƙarshe shi ne cire polimar, ta ƙonawa ko ta narkarwa, kuma a nan ne aikin ya fi wuya. Idan bangon ya yi siriri da yawa sai ya rufta. Idan aka ƙona a cikin iska, jan ƙarfe da nikel sukan haɗu da iskar oksijin su rasa kyawun ɗaukar lantarki, har sai an sake gasa su a cikin iskar haidurojin. Dabarar ta yi kusa da ta zubin tagulla da kakin zuma da aka san Ife da Binin da shi, inda kakin ke ba da siffa sannan ya narke.

A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Marburg ta Jamus suka bayyana wannan hanya, suna amfani da zaren polima mai saurin narkewa. A 2011 kuma cibiyar bincike ta HRL da ke Amurka ta ƙera saƙar bututun nikel mai bango nanomita 100, wadda nauyinta bai kai miligiram ɗaya ba a kowane dunƙule mai tsawo, faɗi da kaurin santimita ɗaya. Saboda yawan fuskar da yake bayarwa ciki da waje, ana gwada zaren a batura, na'urorin gano iskar gas, da allon wayar da ke lanƙwasawa.