Waiwaye: Ba Yau Kamfanonin Waje Suka Fara Naɗe Tabarma Ba

Tun daga 2023, lokacin da wasu manyan kamfanonin waje suka fara sanar da cewa za su daina sarrafa kaya a Najeriya, muhawara ta ƙi lafawa. A teburin mai shayi a Kakuri da ke Kaduna, inda tsofaffin ma'aikatan masaƙa ke taruwa, wannan ya ce butulci ne, wancan ya ce rashin tsaro ne. Amma ka leƙa kemis, kayan nasu na nan a jere kan kanta, kuɗin ne kawai ya hau. An rufe masana'anta, ba a saki kasuwa ba. Dabarar nan kuwa ta girmi 'yancin kan ƙasar nan.

Labarin ƙwace sananne ne. A yaƙin duniya na farko Amurka ta karɓe kadarorin Bayer, kamfanin magunguna na Jamus, da ke ƙasarta, har da sunan aspirin. Rasha ta mayar da masana'antu na gwamnati bayan juyin 1917, Meziko ta karɓe rijiyoyin mai a 1938, Iran ta bi sahu a 1951.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne Yulin 1931. Bankunan Jamus suka durƙushe, aka kafa dokar hana fitar da kuɗi daga ƙasar. Ba wanda ya zo da bindiga, ba a taɓa gini ba. Injuna na aiki, ciniki na tafiya, riba na taruwa, amma ba halin a kai ta gida. Kamar mai gona ne da ya cika rumbu aka toshe masa ƙofa. A ganina nan ne kamfanoni suka gane cewa akwai abin da ya fi ƙwace ciwo, domin wanda aka ƙwace wa kaya yakan iya neman diyya, wanda kuɗinsa ya maƙale kuwa sai kallo.

Dubi yadda Unilever, kamfanin sabulu da kayan abinci na Ingila da Holan, ya yi. Da kuɗinsa suka maƙale, sai ya ba maƙeran Jamus kwangilar ƙera jiragen ruwa, ya biya su da kuɗin da ba sa fita, ya fitar da jiragen. Wasu suka shiga jigilar kaya tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma a ƙarƙashin UAC, kamfanin nan da ke sayen gyaɗar kakanninmu. Ragowar kuɗin ya zuba su a sana'ar kifi da cuku, tunda zama bai amfane su da komai ba. A 1937 ya sake raba kadarorinsa tsakanin reshen Landan da na Holan, don kada yaƙi ya cinye duka. Nestlé ya kafa ɗan'uwan kamfani a Panama a 1936, Philips ya mayar da rajistarsa tsibirin Kurasawo da ke yankin Karibiyan a 1940. Kowa ya koyi ajiye suna da fasaha a waje guda, bulo da injuna a wani.

Da wannan ilimin suka tari dokokin Najeriya na mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977. Kaɗan ne suka tafi. Akasari suka sayar da hannun jarin da doka ta ce, suka riƙe yarjejeniyar fasaha da ta gudanarwa da sayar da kayan gyara. Kujera ta koma hannunmu, makulli na aljihunsu. An soke dokar a 1995.

Shi ya sa idan na ji ana ta batun bindiga kaɗai nakan yi shiru. Tambayar da mai jari ke fara yi ita ce ta 1931: in na sayar da naira, da me zan sayo kayan aiki, ta ina riba za ta fita? Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, injunanta daga waje suka zo, haka ma kowane ƙarfe da ya karye a jikinsu. Jiniyarta ta daina kira tun 2002.