Kwamfaila Ɗaya, Manyan Manhajoji Uku: Me Ya Sa Take Ginuwa a Nan Ta Ƙi Ginuwa a Can?

Mu kaɗan ne a nan Jos muke haɗuwa duk Asabar a wani shago da ke wajen Farin Gada, muna rubuta wata ƙaramar kwamfaila da harshen C++. Burinmu yaro ya fara koyon sarrafa kwamfuta da kalmomin da ya tashi da su: idan, in ba haka ba, maimaita. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar kowannenmu dabam ce: ni Linux ce a kan na'urata, wata ƙanwarmu tana da Mac mai macOS, galibin ɗaliban kuwa Windows ce a kan kwamfutocin hannu da aka saya na biyu. Tun da muka fara ake ta jefo mini tambayoyi iri ɗaya, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Malam, mece ce kwamfaila, kuma me ake nufi da gina ta?

Kwamfaila tafinta ce. Tana karɓar kod ɗin da mutum ya rubuta, ta juya shi zuwa umarnin da kwakwalwar na'ura take ganewa. GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, ita ce shahararriya. Akwai kuma Clang ta aikin LLVM da aka soma a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarar 2000, da MSVC ta kamfanin Microsoft. Ita kanta kwamfaila manhaja ce, da kod aka rubuta ta, don haka sai wata kwamfailar ta fassara ta kafin ta yi aiki. Wannan fassarar, tare da haɗa ɗaruruwan fayiloli su zama abu ɗaya mai tashi, shi muke kira gini.

Ai C++ ɗaya ne a ko'ina. Me zai sa kod ɗaya ya ginu a Linux ya ƙi a Windows?

Harshen ɗaya ne a takarda, amma ƙa'idarsa ta bar wurare da dama a buɗe da gangan, kowace babbar manhaja ta cike gurbin yadda ya dace da ita. Ga misalin da ya taɓa cizon mu. Akwai nau'in lamba da ake kira `long`. A Linux da macOS masu bit 64, girmansa bayit 8 ne. A Windows mai bit 64 kuwa bayit 4 ne, iyakarsa 2,147,483,647. Mun ajiye lambobin da ɗalibi ya rubuta a cikin `long`. Wani yaro ya rubuta lissafin kasafin naira biliyan 3, a na'urata amsa ta fito daidai, a tasa ta fito wata lamba da ba ta da alaƙa da lissafin. Maganin ya daɗe da samuwa: `int64_t`, wanda ya shigo da ƙa'idar C ta 1999, girmansa bai canzawa ko'ina.

Haka ma `char`, nau'in da ake ajiye harafi ɗaya a cikinsa. A kan injin Intel da AMD yana ɗaukar lamba ƙasa da sifiri, a Linux da ke kan injin ARM kuwa ba ya ɗauka sai an faɗa masa. Sai kuma hidimomin da babbar manhaja take yi wa shirinka. Linux da macOS da FreeBSD suna bin ƙa'idar POSIX wadda aka fara fitarwa a 1988, don haka duk sun san `fork`, hanyar da shiri yake haifar wani shirin. Windows ba ta san shi ba, `CreateProcess` take da shi, kuma tsarinsa dabam ne tun daga tushe.

Kwamfaila ta fi sauran manhajoji shan wannan wahala, domin nauyi biyu ne a kanta. Dole ta tashi a kan kowace babbar manhaja, kuma dole abin da ta haifa ya zo da sigar da wurin yake karɓa: ELF a Linux, Mach-O a macOS, PE a Windows.

Wace matsala ce ta fi ba ku wahala?

Harafin ƙ. Wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos da yatsu ke ƙin bin allon rubutu, wata ɗaliba ta zo da na'urarta ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, tun jiya take ce mini babu fayil ɗin, ga shi kuma ina kallonsa." Na zauna na duba. Fayil yana nan. Na kwafe shi zuwa tawa, ya yi aiki nan take. Muka shafe kusan awa biyu muna laluben kod ɗinta, babu kuskure ko ɗaya. Sai can idona ya kai kan sunan foldar da ta ajiye aikin: "Aikin ƙarshe".

A Linux sunan fayil jerin bayit ne kawai, kuma kusan kowa UTF-8, wani tsarin juya haruffa zuwa bayit, yake amfani da shi, inda ƙ da ɗ da ɓ kowanne yake cin bayit 2. Windows a cikinta UTF-16 take riƙe sunaye. Idan shirinka ya karɓi suna ta tsohuwar ƙofa, wato `main` da aka saba, sai Windows ta juya shi zuwa tsohon jadawalin haruffa na na'urar. A yawancin kwamfutocin da ke ƙasar nan jadawalin shi ne mai lamba 1252, na harsunan Yammacin Turai, kuma babu ƙ a cikinsa. Harafin ya lalace tun a bakin ƙofa, kwamfailarmu ta tafi neman foldar da ba ta wanzu ba.

Abin ya taɓa ni ƙwarai. Mun zauna gina abu domin Hausawa, sai ga shi yana korar wadda ta rubuta Hausa daidai. Gyaran shi ne mu karɓi sunaye a Windows ta ƙofar UTF-16, mu juya su zuwa UTF-8 a wuri ɗaya, sauran kod ɗin duka ya yi mu'amala da UTF-8 kaɗai. Tun daga sabuntawar Windows 10 mai lamba 1903, ta 2019, ana ma iya sanya wa shiri alama cewa UTF-8 yake so. Yanzu a cikin gwaje-gwajenmu akwai folda mai suna "ɓaure ɗaya ƙwal", kuma duk gini sai ya ratsa ta cikinta.

Sunayen fayil suna da wasu tarkunan. Windows da macOS, yadda suke zuwa, ba sa bambanta babban baƙi da ƙarami, Linux tana bambantawa. Wanda ya kira `Lissafi.h` alhali sunan fayil `lissafi.h` ne, ba zai ga komai ba a Mac ɗinsa, mai Linux ne zai kwana da matsalar. Windows tana hana wasu sunaye da ta gada daga zamanin DOS, irin su CON da NUL da AUX, don haka fayil mai suna `aux.c` kan hana mutum sauke aikin ma gaba ɗaya. Tana da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 ga tsawon adireshin fayil. Kuma tana rufe kowane layi da alamomi biyu, su Linux da ɗaya. Fayil ɗin `.gitattributes` ne yake raba wannan gardamar.

To idan ta ginu a ko'ina, an gama ke nan?

Da saura. Ginuwa dabam, aiki daidai dabam. Kwamfaila tana karanta kod ne ta hanyar kiran kanta a cikin kanta: baka a cikin baka, sharaɗi a cikin sharaɗi. Kowane kira yana cin wuri a wani ɓangaren ma'adana da ake tara kiraye-kiraye. Linux ta saba ba da megabayit 8, Windows megabayit 1. Kod mai zurfin sarƙaƙiya da ya wuce lafiya a can, a nan sai ya kifar da kwamfailar ba tare da ko bayani ba. Ko dai ka nemi ƙarin wuri a lokacin haɗawa, ko ka sa iyakar zurfi da saƙo mai ma'ana. Mu mun yi duka biyun.

Akwai kuma wanda ya fi wuyar kamawa. Idan ka ce wa na'ura ta lissafo fayilolin da ke cikin folda, babu alkawarin da wane jeri za su zo. Haka ma `unordered_map`, ma'ajin bayanai na C++ da ba ya alkawarin jeri, kowane laburare da nasa tsarin. Kwamfailar da ta dogara da irin wannan jerin za ta fitar da sakamako mabambanta daga kod ɗaya. Duk abin da zai shafi sakamako, ka jera shi da hannunka.

Da wane kayan gini za mu yi aiki?

Make shi ne kakansu, Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs a 1976. Autoconf ya zo a 1991 domin ya riƙa binciken abin da kowace na'ura take da shi kafin gini, amma ya jingina ne da kayan Unix. Ga aikin da zai shiga Windows, CMake nake ba da shawara, duk da rubutunsa ba daɗin karatu gare shi ba. Ka bayyana ginin sau ɗaya, shi kuma ya samar wa Visual Studio ko Ninja ko Make abin da kowanne yake bukata. LLVM ma ta yi watsi da autoconf ta koma CMake ɗungurungum a 2016.

A yi hattara da ƙananan rubutun umarni da ake maƙalawa a gefe. Bash, shirin da ke karanta irin waɗannan umarnin, wanda ke zuwa da macOS har yanzu na 3.2 ne, `sed -i` na can ba irin na Linux ba ne, kuma idan ka buga `gcc` a Mac, Clang ce take amsawa.

Ba sai mu zuba `#ifdef` duk inda aka samu bambanci ba?

`#ifdef` alama ce da ke sa kwamfaila ta ɗauki wani yanki na kod ko ta tsallake shi, gwargwadon inda ake ginin. Haka kowa yake farawa, kuma bayan shekara guda ba mai iya karanta kod ɗin. Tun ran gini tun ran zane: a ware wuri ɗaya tun farko inda duk abin da ya shafi babbar manhaja zai zauna, buɗe fayil, tayar da wani shiri, neman adireshi. Sauran kod ya yi magana da wannan wurin kaɗai. A cikin LLVM za ku ga folda biyu a ƙarƙashin `lib/Support`, ɗaya Unix ɗaya Windows, suna amsa kira iri ɗaya.

Na ji an ce akwai kwamfailar da take gina kanta. Ta yaya?

Gaskiya ne, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi burge ni a wannan fanni. Kwamfailar harshen Rust ta farko da harshen OCaml aka rubuta ta, sai a 2011 ta fara fassara kanta. Ta harshen Go da C aka fara, aka mayar da ita Go a fitowa ta 1.5 a 2015. GCC kuwa sau uku take gina kanta: kwamfailar da ke kan na'ura ta gina ta farko, ta farko ta gina ta biyu, ta biyu ta gina ta uku, sannan a gwada ta biyu da ta uku. In sun saɓa, akwai ɓaraka a wani wuri. Darasin da ya shafe mu shi ne a rubuta ƙarara wace ce mafi tsufar kwamfaila da aka yarda ta gina aikin, kuma a riƙa gwadawa da ita. In ba haka ba, mai sabuwar na'ura zai shigo da sabon salon harshe, mai tsohuwar Ubuntu ya wayi gari an rufe masa ƙofa.

Yaya, ba mu da kuɗin sayen na'urori uku, ga tsadar data, ga ɗauke wuta. Ya za mu yi?

Ba sai kun mallake su ba. GitHub Actions, wata hidimar gini ta intanet, yana ba aikin da yake a buɗe ga jama'a injinan Linux da Windows da macOS kyauta. Kai dai ka tura canjinka, 'yan kilobayit ne, ginin a can zai gudana ko da an ɗauke wuta a unguwarku. Akwai kuma GCC Compile Farm, inda masu rubuta manhaja 'yantacciya suke neman izinin shiga injina iri-iri daga nesa.

Abin da ba zai maye gurbin wannan ba shi ne Docker ko WSL, hanyoyin tayar da Linux a cikin wata babbar manhajar. Suna da amfani, amma galibi Linux ce a cikinsu. Wanda ya gwada a WSL bai gwada Windows ba.

Ƙa'idar da muka aro daga masu Rust ita ce: ba a shigar da canji cikin babban reshe, wato ainihin kod ɗin da kowa ke saukewa, sai ya ginu kuma ya ci gwaji a dukkan injinan. Da farko samarin sun ji haushin jiran. Amma kafin mu kafa ta, ginin Windows ya taɓa karyewa kusan wata guda ba wanda ya lura, domin mu masu rubutun ba a can muke aiki ba. Da muka zo gyara, canje-canje sun taru, sai da muka bi su da `git bisect`, umarnin da ke laluben canjin da ya ɓata aiki, kafin muka gano wanda ya jawo abin. Yau in ya karye, cikin mintuna muke sani, kuma mun san canjin da ya karya shi.

Dole ne mu ɗauki nauyin kowace babbar manhaja?

A'a, kuma na fi son mu faɗi kaɗan mu cika. Rust ta kasa wuraren da take aiki gida uku: na farko ana ginawa ana gwadawa a kowane canji, na biyu an tabbatar yana ginuwa kawai, na uku akwai kod amma babu alkawari. Mun kwaikwayi wannan. FreeBSD tana mataki na uku a wurinmu, domin ba mu da mai kula da ita. Mac mai injin ARM, irin wanda Apple ya fara fitarwa da M1 a Nuwamban 2020, tana mataki na farko saboda ƙanwarmu tana kai kullum.

Inda muka yi doguwar muhawara shi ne Windows 10. Microsoft ya daina tallafa mata na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, wasu cikinmu suka ce mu ma mu sauke ta. Na ƙi. Na ce a duba teburin da muke zaune: yawancin na'urorin ɗalibanmu ba su cika sharaɗin hawa Windows 11 ba, wasu saboda rashin na'urar tsaro ta TPM 2.0, wasu saboda tsufan injin, kuma iyayensu ba sayen sabuwa za su yi bana ba. Muka bar ta a mataki na farko. Tunda injinan intanet ba irin nata ba ne daidai, mun ajiye wata tsohuwar kwamfuta mai ma'adanar gigabayit 4 a shagon, kuma duk Asabar kafin a fara darasi, ɗaya daga cikin ɗaliban ne yake sauke sabon kod ya gina shi a kanta da hannunsa.