Tashoshin kula da bututun gas a Saharar Aljeriya

Tashoshin kula da bututun gas wurare ne da aka gina jefi-jefi a kan manyan bututan da ke ɗauko iskar gas daga hamadar Aljeriya zuwa gaɓar Bahar Rum. Kamfanin gwamnati Sonatrach, wanda aka kafa a 1963, shi ke riƙe da su. Mahaɗarsu ita ce Hassi R'Mel, filin gas da aka gano a 1956, aka fara haƙa a 1961, kimanin kilomita 550 kudu da babban birnin ƙasar. Daga nan bututun Transmed ya tashi ya ratsa Tunisiya, yana kai gas Italiya tun 1983. Gas ɗin da bututun Medgaz ke kai wa Sifen tun 2011 ma daga nan yake fitowa.

Mafi girma a cikin tashoshin su ne na ƙara matsi. Gas yana rage ƙarfi yayin da yake gogar cikin bututu, don haka sai an sake tura shi da manyan injina masu ƙona wani kaso na gas ɗin da suke turawa. Hamada ba ta raga wa waɗannan injina. Iska mai zafi da injin ke shaƙa ba ta kai mai sanyi nauyi ba, sai ƙarfinsa ya ragu daidai tsakiyar bazara, ƙura kuma tana cinye fukafukan da ke juyawa a cikinsa in matatar iska ta gaza. Shi ya sa sauya matata da share na'urorin sanyaya gas suke cin lokacin ma'aikata sosai. Tsakanin manyan tashoshi akwai ƙanana da babu kowa a cikinsu, sai bawul ɗin datse bututu da faifan sola, ana lura da su daga ɗakin kwamfuta mai nisa.

Duba cikin bututu kuwa aikin wata na'ura ce da masu sana'ar ke kira "alade". Ana cusa ta a wata tasha, matsin gas ya kora ta, a tare ta a tasha ta gaba. Akwai mai shara, wadda ke kwaso ruwa da baƙin garin tsatsa da ke taruwa a ciki. Akwai kuma mai bincike, wadda ke ɗauke da maganaɗisu: duk inda ƙarfe ya zaizaye sai ta rubuta wurin, daga baya a je a tone a gyara ko a yanke a yi sabuwar walda.

Mutum zai zaci busasshiyar ƙasa ba ta sa tsatsa, amma fadamun gishiri na Sahara suna cin ƙarfe ƙwarai. Ana lulluɓe bututun da roba, sannan a riƙa sakar masa 'yar wutar lantarki mai hana tsatsa, ma'aikata suna bin turakun gwaji suna aunawa. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne ruwa: kwarin da ya shekara a bushe yakan cika da ambaliya cikin sa'o'i, ya tone bututun ya bar shi a fili. Tudun rairayi ma yana tafiya, ya binne hanyar sintiri.

Tun harin da 'yan bindiga suka kai masana'antar gas ta Tigantourine kusa da In Amenas a Janairun 2013, tsaro ya zama babban ɓangare na aikin.

Bututun gas da Najeriya da Nijar da Aljeriya suka sa hannu a yarjejeniyar gina shi a Abuja a 2009, mai tsawon fiye da kilomita 4,000, an tsara zai ƙare ne a Hassi R'Mel. In an gina shi, irin waɗannan tashoshi za a buƙata a hamadar arewacin Nijar.