Wai mene ne "kafasiti bildin" da ake ta kiran ƙungiyoyi a kai?

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar sa-kai, ta matasa ce ko ta mata, ya sha jin kalmar nan. Da yawa sun ɗauka bita ce kawai, a tafi otal kwana biyu a sha shayi a karɓi kuɗin mota a watse. Toh akwai irin wannan kam, amma asalin ma'anar ita ce a gyara ƙungiya ta kai matsayin da za ta iya shiga gasar neman giran, wato kuɗin tallafin da ba a mayar da shi, ta kuma iya riƙe kuɗin in ta samu.

Ai kuɗin waje ba rabon zakka ba ne da za a bi gida gida. Sanarwa ake fitarwa, ƙungiyoyi su turo furofozal, wato rubutacciyar shawarar aikin da suke son yi, a ba kowa maki, a ɗau 'yan kaɗan. Kuma da yawan namu ba a ma kai ga karanta shawararsu ake watsar da su, tun a takardu suke faɗuwa. A Najeriya za a tambayi rijistar CAC, hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da satifiket na SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, da lambar haraji, da rahoton odita na shekarun baya, da akawun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, sai ka ga ƙungiya ta yi shekaru tana haƙa rijiya tana ɗinka wa marayu kayan sallah kowa a gari ya shaida, amma kuɗin a akawun shugaba yake shiga, rasidai kuma suna cikin leda a durowa. Mutanen kirki ne fa, sai dai mai tantancewa da ke zaune a ofis a Turai bai san su ba, takarda kawai yake gani.

A nan cibiyoyin yanki ke shigowa. Misali WACSI da ke Akara a Ghana, wadda gidauniyar Open Society ta Afirka ta Yamma (OSIWA) ta kafa a 2005, aikinta ke nan, horar da ƙungiyoyin Afirka ta Yamma kan shugabanci da riƙon kuɗi da yadda ake neman tallafi. Irin waɗannan ba kuɗin aikin suke ba ka ba, koya maka suke yadda za ka tsara kasafi layi layi, yadda za ka faɗi abin da zai canja a ƙauyen da kuma yadda za a auna shi, su nuna maka inda ake rijista, kamar PADOR na Tarayyar Turai ko UN Partner Portal na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani lokaci su haɗa ƙananan ƙungiyoyi uku huɗu su nema tare.

Me ya sa maganar ta yi ƙarfi yanzu? A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da tallafi suka yi alkawarin kashi 25 cikin 100 na kuɗin jin ƙai zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kafin 2020. Ba a cika ba, ko kusa. Hujjar da ake yawan bayarwa ita ce wai na gida ba su da tsari, ni kam ina ganin da gaskiya a ciki da kuma fakewa, don wasu sharuɗɗan sai mai ofis da akanta na dindindin zai iya cika su. Duk da haka akwai ƙofofi, asusun jin ƙai na Najeriya da OCHA, ofishin jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ke kula da shi tun 2017 yana ba ƙungiyoyin gida kai tsaye bayan an tantance su, akwai kuma na yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da ya fara da Nijar a 2021.

Tun da aka rufe USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, a 2025 masu nema sun yi yawa kuɗi ya ragu, su kuma 'yan damfara sun samu kasuwa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom don ya shigar da ƙungiyarku jerin waɗanda za a ba giran, ka riƙe kuɗinka, rijistar PADOR da ta UN Partner Portal duk kyauta ce.