Bayofoton: hasken da jini ke fitarwa

Kalmar bayofoton ta fara shigowa wayoyinmu a Katsina, galibi daga bakin masu tallan na'urorin lafiya. Abin da ake nufi da ita shi ne ɗan hasken da kowane abu mai rai ke fitarwa, har da jinin ɗan Adam. Hasken gaskiya ne, sai dai rauninsa ya kai ninki 1,000 ƙasa da abin da ido ke iya kamawa. Dole sai a ɗaki mai duhu ƙirin, da na'ura mai ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya.

Masanin Rasha Alexander Gurwitsch ne ya fara zancen a 1923, yana bincike kan saiwar albasa. Bajamushe Fritz-Albert Popp ya yaɗa sunan a shekarun 1970.

Daga ina hasken yake fitowa? A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi da ake kira niyutrofil, su ne dakarun farko idan cuta ta shigo. Da zarar sun haɗiye ƙwayar cuta, sai su zuƙi iskar oksijin da yawa, su mayar da ita sinadarai masu ƙuna don kashe ta. Sinadaran nan kan taɓa kitse da furotin, su bar su da rarar ƙarfi, wani ɓangaren rarar kuma ya fita a matsayin haske. Robert Allen da abokan aikinsa sun nuna haka a Amurka a 1972. A nan amfanin yake. Akwai wata cutar gado da ke hana niyutrofil yin waɗannan sinadarai, yaron da ke da ita ya riƙa fama da maruru da ciwon huhu. Idan aka tsokani ƙwayoyin jininsa a ɗakin gwaji, aka ɗiga sinadarin luminol mai ƙara hasken, kusan ba a ganin komai.

Abin da ke damuna shi ne masu cewa na'urarsu na karanta wannan haske ta tafin hannu, ta faɗi ciwon ƙoda ko hanta. Hasken da sai an rufe ko'ina ake auna shi, yaya za a kama shi a rumfar kasuwa da rana tsaka? Mai zazzaɓi, a Katsina yake ko a Daura, ya je asibiti a ɗebi jininsa a yi masa gwajin maleriya.